Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ƙorafi a Kan Finafinan da Suka Kori Tsofaffi Daga Fagen Soyayya

Bara, cikin hunturu, na shiga ajin ƙarshe na makarantar da nake koyarwa a Takeita, riƙe da ƴar kwamfutata, da niyyar in gwada kunnen ɗalibai a kan Faransanci ta hanyar silima. Na zaɓi wani ɗan yanki na fim ɗin Amour, wanda Mika'el Haneke ɗan ƙasar Ostiriya ya shirya, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na birnin Kan a 2012. A cikin yankin, wani tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya yana ɗaga matarsa daga keken marasa lafiya, bayan shanyewar ɓarin jiki ta kama ta. Ya tallabo ta, suka tsaya suna tangaɗi kamar masu koyon tafiya, har ya samu ya zaunar da ita a kujera.

Aji ya ɓarke da dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Mushe, tsoho na soyayya!" Wata yarinya mai ƙoƙari, wadda ban taɓa jin rashin ladabi daga bakinta ba, ta ce da zuciya ɗaya: "Mushe, ai waɗannan sun ci zamaninsu, me kuma suke nema?"

Ban tsawata musu ba. Na rufe kwamfutar, na ce kowa ya faɗa mini sunan fim ɗin Hausa guda ɗaya wanda jigonsa ƙauna ce tsakanin dattijo da dattijuwa. Yaran da ke iya jero sunayen ƴan wasa hamsin ba tare da sun numfasa ba suka yi tsit. Ni ma da na tambaya, ban da amsa. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ruwa ba ya tsami banza. Ba a haifi ɗalibaina da waccan dariya ba. Koya musu ita aka yi, kuma ɗaya daga cikin manyan malaman da suka koyar da ita shi ne fim ɗin da ke cikin wayar kowannensu.

Riguna uku na tsoho

Mu mutanen Garagumsa muna da bakin magana a kan finafinan Kano. A nan Takeita ne hanyar da ta taso daga Kano ta Matamaye take haɗuwa da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, saboda haka kaset ɗin da ya bar kasuwar Ƙofar Wambai yakan ratsa ta gabanmu kafin ya shiga birni. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, zuwa Sangaya da ya haukata samarin zamaninmu, har zuwa finafinai masu dogon zango da ake tura mana a waya yanzu, mun kalla, mun biya kuɗinmu, mun ji daɗi. Ba na cikin masu cewa a rufe wannan sana'a. Ta yi wa harshen Hausa hidimar da littattafanmu na makaranta ba su yi masa ba. Amma mai ƙaunarka ne ke gaya maka bakinka na wari.

Fiye da shekara talatin ke nan, riguna uku kaɗai aka ɗinka wa tsoho a waɗannan finafinai. Ta farko rigar shamaki ce: uban da ya rantse sai ƴarsa ta auri ɗan abokinsa mai kuɗi, ko uwar miji mai bin bokaye don ta raba ɗanta da matarsa. Ta biyu rigar ban dariya ce: tsoho mai budurwar zuciya, ya rine gemu, ya fesa turare, ya tafi zance wurin sa'ar jikarsa, yara su bi shi da ihu. Shirin Gidan Badamasi ya gina barkwancinsa a kan alhaji mai auri-saki da tarin ƴaƴa masu jiran gado. Na yi dariya kamar kowa, amma dariyar ba ta hana ni ganin cewa ita ce kusan hanya guda da ake yarda zuciyar tsoho ta motsa a gaban kyamara. Ta uku rigar sa albarka ce: a zaunar da dattijuwa a kan tabarma da carbi a hannu, ta yi nasiha ta minti biyu, ta ce Allah ya yi muku albarka, daga nan ba a sake ganinta sai ranar da za a nuna gawarta.

A watan Fabrairu na 2022, tsohuwar ƴar wasa Ladin Cima ta gaya wa sashen Hausa na BBC cewa naira dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta idan ta fito a fim. Ƙura ta tashi, wasu masu shirya finafinai suka musanta, wasu suka goyi bayanta. Duk aka tsaya a kan kuɗin. Ban ji wanda ya tambayi dalilin da ya sa mace mai wannan gogewa ba ta da rawar takawa sai fitowa ɗaya ko biyu ba. Ladan ya yi kaɗan ne saboda rawar ta yi kaɗan, rawar kuwa ta yi kaɗan saboda marubutan sun yanke hukunci cewa wadda ta haura hamsin ba ta da sauran labari.

Abin da Umaru Ganda ya gani

Kada wani ya ce na manta da gida. Silimar ƙasarmu ta riga ta Kano haihuwa, kuma ita ma ta kalli tsoho da ido ɗaya. Le Wazzou polygame na marigayi Umaru Ganda, wanda ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, labarin alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ƙwace yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, ya mai da ita matarsa ta uku, abin ya ƙare da bala'i. Ganda ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar tana nan da ranta: a ƙasar da kusan kashi uku cikin huɗu na ƴan mata ake aurar da su kafin su cika shekara 18, dole ne fim ya ci gaba da tona asirin tsohon da ke sayen ƙuruciyar ƴar talaka. Ni malamin makaranta ne, na san kujerun da suke zama wayam bayan kowane hutun damina.

Sai dai kwaɗayin tsoho daban, ƙaunar tsofaffi daban. Kuskurenmu shi ne mun ɗaure su da igiya ɗaya, mun jefa rijiya. Saboda mun ga alhajin Ganda, sai muka ɗauka duk mai furfurar da zuciyarsa ta karkata ga mace abin zargi ne ko abin dariya, ko da macen sa'arsa ce, ko da matarsa ce ta shekara arba'in.

Labarin gwaggona

Zan ba da labarin da ya hana ni barci, domin ina da hannu a cikinsa. Gwaggona ta rasa mijinta tana gab da shekara sittin. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta zauna shekara biyu a ɗakinta a wani ƙauye na wannan karkara. Sai wani dattijo, shi ma matarsa ta rasu, ya aiko limamin garin da goro. Tsofaffin garin sun san abin da mu ba mu sani ba: shi ne ya fara nemanta tun tana budurwa, iyaye suka ba wani. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Amma a makon nan ta sa aka kwaɓa mata lalle, abin da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Duk Bahaushe ya san wannan amsa ce.

Ƴaƴanta maza suka taru, ɗaya daga Kano, ɗaya daga Damagaram, aka kira ni a matsayin mai ilimin boko na dangi. Babbansu ya ce: "Inna za ta mai da mu abin dariya, kamar a fim." Na ji kalmar da kunnena. Na yi murmushi tare da su, ban ce uffan ba. Aka mayar da goro, aka ɗauke ta zuwa birni, aka ba ta ɗaki mai fanka da talabijin, aka miƙa mata renon jikoki. Kowa ya yaba wa ƴaƴan, aka ce sun riƙe uwarsu. Bayan shekara uku dattijon ya rasu. Ranar da labari ya iso, ta nemi buta, ta yi alwala, ta shiga ɗaki. Tuwon daren nan haka aka fito da shi ba a taɓa ba.

Ba yunwa aka bar ta da ita ba, kuma ba wanda ya ɗaga mata murya. An hana ta abokin hira ne a shekarun da mutum ya fi bukatarsa, kuma hujjar da aka kafa ita ce tsoron kama da abin da ake gani a fim. Wanda ya ce fim wasa ne kawai, ya zo in kai shi ɗakin gwaggona.

Abin takaicin shi ne, kakanninmu sun fi mu wayewa a wannan fage. Harshenmu yana da suna ga irin wannan aure: auren ɗauki-sandanka, wasu su ce auren takalmi, inda dattijuwa ke zama a gidanta cikin ƴaƴanta, mijin ya riƙa zuwa yana komawa. Al'umma ba ta raɗa wa abu suna sai ta san shi, ta kuma yarda da shi. Mu ƴan boko da ƴan kallo muka zo muka mai da shi abin kunya.

Hujjoji uku da amsarsu

Na tattauna wannan batu da abokan aiki da ƴan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, kuma hujjoji uku nake ji kullum.

Ta farko ita ce kunya. Suna cewa Bahaushe ba ya nuna ƙaunar iyayensa a fili, saboda haka fim ɗin da zai nuna ta ya saɓa wa al'ada. Ina tambaya: wace al'ada ce ta yarda saurayi da budurwa su yi ta zagaya bishiya suna rawa da waƙa irin ta Indiya, amma ta haramta a nuna tsohuwa tana ajiye wa mijinta ɗumame? Kunya ba ta kashe ƙauna a gidajenmu ba, harshe ta ba ta. Matar da ta shekara hamsin ba ta kama sunan mijinta ba, sai Malam, sai Maigida, ita ce ke gane tarinsa a cikin mutum goma da ke dawowa daga sallar asuba. Tsohon da bai taɓa ce mata komai a gaban mutane ba, shi ne ke fasa goro ranar kasuwa ya tura mata ɓarin da ya fi girma, yana kallon wani wuri. Idan ta kwanta ciwo, sai ka gan shi ya dawo da tabarmarsa kusa da ƙofar ɗakinta, ya ce wai nan ta fi iska. Wannan duka abin gani ne da ido, wato abincin kyamara. Masu shirya finafinan Kano sun daɗe suna kukan cewa hukumar tace finafinai, wadda aka kafa a 2001, ta hana namiji da mace taɓa juna, ta ɗaure musu hannu. To ga soyayyar da ba ta bukatar taɓawa, ba ta bukatar rawa, tana zaune a kowane zaure, an ƙi ɗauka.

Ta biyu ita ce addini. Suna cewa wanda ya tsufa ya kama carbi, ya fuskanci kabari. Madalla da carbi. Amma wane littafi ne ya ce carbi da abokin zama ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya? Malamanmu sun karantar da mu cewa Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, tana da shekara arba'in, ta kuma yi aure a baya, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aure ta yana da ashirin da biyar. Sun zauna kimanin shekara ashirin da biyar bai yi mata kishiya ba, bayan rasuwarta kuma yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta don tunawa da ita. Aya ta 21 a Suratur Rum ta ambaci ƙauna da jinƙai tare a matsayin abin da Allah ya sanya tsakanin ma'aurata, ba ta yanka musu shekaru ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, bazawara ita ke da iko da zaɓinta, waliyyi ba shi da hurumin hana ta auren wanda ya dace ba tare da dalili ba. Ashe ƴaƴan gwaggona, da ni da na yi shiru, mu ne muka kauce wa karantarwa, ba ita ba.

Ta uku ita ce kasuwa, kuma ita ce mai ɗan nauyi. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Matasa ne ke sayen kati, su ke kallo, kuma suna son ganin irinsu. Na yarda. Amma a tuna da Baghban, fim ɗin Indiya na 2003, inda Amitabh Bachchan da Hema Malini suka fito a matsayin ma'auratan da suka shekara arba'in tare, ƴaƴansu huɗu suka raba su, uwa gidan wannan, uba gidan wancan. Na ga samari majiya ƙarfi suna share hawaye a gidan kallo saboda shi. Sa'an nan wa ke zaune gaban talabijin da dare a gidajenmu, in ba iyaye mata da kakanni ba? Su ba ƴan kallo ba ne? Hujjar kasuwa hujjar malalacin ɗan kasuwa ce, wanda bai taɓa kasa hajar ba amma ya rantse ba za ta sayu ba. Ƴar Damagaram A'isha Maki ta ɗauki rashin haihuwa, abin da mata ke ɓoyewa ko a tsakaninsu, ta yi L'Arbre sans fruit a 2016, duniya ta tsaya ta kalla. Ta koma unguwar Kara-Kara ta yi Zinder a 2021. Rahmatu Keita ta kafa labarin Zin'naariyâ a masarautar Damagaram a 2016, ta nuna ana iya ɗaukar soyayya cikin natsuwa da suturarmu. An buɗe ƙofa, saura mai shiga da sanda da furfura.

Kada mu yi aron riga

A nan zan juya ga ƴan uwana malaman Faransanci, waɗanda da zarar an ce silima sai su dubi Turai. Ban kawo Amour aji don mu kwaikwaye shi ba. Fim ne mai girma, kuma Emmanuelle Riva da Jean-Louis Trintignant, dukansu sun haura tamanin a lokacin, sun nuna cewa fuska mai tamoji tana riƙe kyamara fiye da fuska mai hoda. Amma ƙarshensa, inda mijin ya danne matar da matashin kai don ya raba ta da wahala, abu ne da imaninmu da hankalinmu ba za su karɓa ba. Kuma ciwon da yake nunawa ba irin namu ba ne. Tsofaffinsa biyu suna kulle a wani bene na birnin Paris, ƴarsu guda tana leƙo su jefi-jefi. Namu tsofaffin suna tsakiyar gida mai mutum talatin, ba sa rasa mai miƙo ruwa, amma suna rasa wanda zai tambaye su abin da ke ransu. Baghban kuwa ya sauƙaƙa wa kansa aiki, ya mai da ƴaƴan miyagu. A wurinmu masu raba tsofaffi ƴaƴan kirki ne. Ƴa ta haihu a Yamai, a ɗauki uwa ta tafi jego, wata uku ya zama shekara uku, uba na ƙauye yana gadin rumbu. Kowa na ganin alheri yake yi. Marubucin da ya iya nuna cutar da ake yi da kyakkyawar niyya, shi ne zai ba mu fim ɗin da babu irinsa a Bombai ko Paris.

Labarai kuwa ga su nan zube kamar ƙasa. Ga mutumin da ya shekara talatin yana ci-rani tsakanin Libiya da Abijan, ya dawo da farin gemu wurin matar da ta riƙe gida ita kaɗai, yanzu sai su koyi zama da juna kamar sababbin aure. Ga tsohuwar da gigin tsufa ya kama, unguwa ta fara raɗa cewa mayya ce, mijinta kaɗai ya tsaya mata, yana tuna mata sunayen ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya kowace safiya. Ga uwargida da amaryar da suka yi kishi shekara talatin, yau su biyu ke juya mijin da ba ya iya tashi. Ban nemi ko dala a kan waɗannan ba, duk mai so ya ɗauka.

Kira ga malamai da ƙungiyoyi

Ba zan jira Kano ta ji kukana ba, domin akwai abin da ke hannunmu. Ya ku malaman Hausa, a cikin aikin hutun da muke ba ɗalibai, mu daina tsayawa ga tatsuniya da karin magana kaɗai. Mu aike su wurin kakanninsu, waɗanda al'ada ta ba su damar wasa da su, su tambayo yadda aka yi aurensu, da abin da ya riƙe shi, da abin da suka fi kewa. Jika na iya tambayar abin da ɗa ba zai iya ba. Wasan jika da kaka taska ce da ba mu taɓa buɗewa don wannan aiki ba. Ya ku ƙungiyoyin al'adu da ke wasa a gidajen matasa da gidajen rediyon karkara, ku ware wasa ɗaya a shekara wanda manyan ƴan wasansa dattawa ne na gaske, ba yaro da aka shafa wa toka a kai yana rawar murya ba. Masu shirya gasar wasan kwaikwayo ta makarantu su sa wannan jigo cikin abin da za a yi takara a kai. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa ɗaukar fim na minti goma.

Na gwada aikin hutun a ajina. Yarinyar nan da ta ce tsofaffi sun ci zamaninsu ta dawo da shafi biyu. Kakarta ta gaya mata cewa tun da kakanta ya makance, shekara bakwai ke nan, ba ta yarda kowa ya dama masa fura ba, domin ita kaɗai ta san kaurin da yake so, kuma in wani ya dama yakan gane tun daga kurɓin farko, ya ajiye ludayi. A ƙasan shafin yarinyar ta rubuta: "Mushe, a gidanmu ake wannan, ban taɓa lura ba."

Ba ta lura ba domin ba a taɓa nuna mata cewa abin kallo ne ba. Mu da muke tsakanin arba'in da hamsin, furfura ta fara leƙo mana a gemu, kuma yaran da ke dariya a aji yau su ne za su zauna gobe su yanke hukunci a kan inda za mu kwana da wanda za mu yi hira da shi. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyayenmu abokan zama na gari, ya sa mu gama da duniya lafiya.

Takeita, Garagumsa